Yadda Ake Shirya Ranar Al'adu a Jami'a Ba Tare da An Ware Kowa Ba

A jami'a ne matashi kan kwana ɗaki ɗaya da wanda bai taɓa jin harshensa ba, su yi shekaru suna ɗaukar darasi tare, amma su rabu bai san yadda ake gaida babba a gidan su abokin nasa ba. Ranar al'adu hanya ce ta toshe wannan giɓi, sai dai ba kowace ranar al'adu ce ke yin hakan ba. Sau da yawa kowace ƙabila takan taru a rumfarta, ta yi wa 'yan wasanta tafi, da sun sauka daga dandamali kuma ta watse, a tashi taro babu wanda ya ƙaru da komai game da maƙwabcinsa. Abin da daɗewa cikin wannan aiki ya nuna mini shi ne, fahimtar juna da ake nema a makonnin shiri ake samun ta, lokacin da ɗalibai mabambanta asali suke ɗaukar kujera tare suna gardama a kan kasafin kuɗi. Saboda haka matakan da ke biye sun fi ba wa shirin nauyi a kan ranar kanta.

Abubuwan da za a tanada

Kafin komai ana bukatar lokaci, kuma mako takwas zuwa goma shi ne abin da nake ba da shawara. Bayan lokaci sai waɗannan:

- Takardar izini daga sashen kula da harkokin ɗalibai, da takardar da ta tabbatar an ba ku wurin taro.
- Littafin rubuta bayanan zama, littafin shiga da fitar kuɗi, da jakar ajiye rasit.
- Zaure ko fili mai faɗi, dandamali, rumfuna, tebura da kujeru.
- Lasifika, makirufo aƙalla biyu da batiran canji, wayoyin wuta, da janareta ko wata hanyar samun wuta idan lantarki ya ɗauke.
- Manyan takardu da alƙaluman rubutu mai kauri don rubuta bayanai a gaban kowace rumfa.
- Akwatin agajin gaggawa, na'urar kashe gobara, ruwan sha, wurin wanke hannu da sabulu, da kwandunan shara.
- Agogo da ƙararrawa ga mai kula da lokaci, da kyamara ko wayoyi masu ɗaukar hoto da sauti sosai.

Idan babu dandamali, a shata da'ira a tsakiyar fili a jera kujeru kewaye da ita. Yawancin raye-raye da wasannin gargajiya ma a da'ira aka saba yin su. Idan rumfuna sun yi tsada, azuzuwan da ke jere a baranda ɗaya suna iya zama rumfuna, muddin an nemi izinin tsangayar da ke da su.

1. Kafa kwamiti

Wannan mataki ne da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gayyaci shugabannin manyan ƙungiyoyin ƙabilu da aka sani, a ce kwamiti ya kammala. Amma a kowace jami'a akwai ɗalibai da ƙabilarsu ba ta da ƙungiya, saboda ba su wuce uku ko biyar ba. Akwai ɗalibai baƙi daga wasu ƙasashe. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka fito daga al'ummu biyu, waɗanda ba su san rumfar da za su tsaya ba. Ku fitar da takardar rajista, a ɗakunan kwana da tsangayoyi da shafukan sada zumunta na ɗalibai, mai tambaya uku kacal: wace al'umma kake son wakilta, wane harshe kake ji, me za ka iya nunawa. A bar mutum ya rubuta sunan al'ummarsa da kansa, kada a ba shi jerin sunaye ya zaɓa, domin wasu sunayen da maƙwabta ke kiran wata ƙabila da su zagi ne a wurin masu ita.

Daga nan sai a raba aiki zuwa ƙananan kwamitoci: na kuɗi, na wuri da kayan aiki, na tsara shirye-shirye, na abinci da tsafta, na tsaro, da na yaɗa labari. Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce, kada ƙaramin kwamiti ko ɗaya ya kasance na ƙabila ɗaya, kuma kada shugaba da ma'aji su fito daga al'umma ɗaya. A tabbatar akwai mata a cikin masu yanke shawara, ba a kwamitin abinci kaɗai ba.

Akwai dalilin ilimi a bayan wannan tsari. Tun a 1954 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gordon Allport, ya bayyana cewa cuɗanya tsakanin al'ummu ta fi rage ƙyamar juna idan aka cika sharuɗɗa huɗu: a haɗu a matsayi ɗaya babu na sama babu na ƙasa, a sami buri ɗaya, a yi aiki tare don cim ma burin, sannan hukuma ta goyi baya. Kwamitin da aka gauraya ya cika uku na farko, takardar izinin jami'a kuma ta cika na huɗu.

Ku nemi malami ɗaya ko biyu da ɗalibai ke girmamawa su zama iyayen tafiya. Ranar da saɓani ya taso, kuma zai taso, su ne za su raba gardama.

2. Neman izini da tsayar da rana

A rubuta wa sashen kula da harkokin ɗalibai takarda mai ɗauke da manufar taro, ranar da ake so da wata ranar ta biyu, wurin da ake nema, adadin mutanen da ake sa rai, da sunayen waɗanda za su ɗauki alhaki. Kada a buga sanarwa ko a karɓi kuɗin kowa sai amsa ta fito a rubuce. Izinin baki yakan ɓace ranar da aka fi bukatarsa.

Wajen zaɓen rana a nisanci makonnin jarrabawa da makon farko na zangon karatu, a kuma duba ranakun ibada da lokutan azumi na duk addinan da ke cikin jami'ar, domin ba a baje kolin abinci a gaban mai azumi sannan a ce an tafi da kowa. Idan kalandar karatu ta ba da dama, akwai ranaku biyu na duniya da suka dace da wannan taro, kuma jingina da su yakan sauƙaƙa samun goyon bayan hukuma. Ta farko ita ce 21 ga Mayu, ranar da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware a 2002 don bambancin al'adu da tattaunawa da ci gaba, bayan sanarwar da UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar, ta amince da ita a kan bambancin al'adu a 2001. Ta biyu ita ce 21 ga Fabrairu, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wadda UNESCO ta ayyana a 1999 aka fara kiyaye ta a 2000. Wannan ranar tana da alaƙa ta musamman da ɗalibai, domin an zaɓe ta ne don tunawa da waɗanda 'yan sanda suka harbe a birnin Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, a 1952, yayin zanga-zangar da ɗalibai suka jagoranta ta neman a amince da harshen Bengali a matsayin harshen hukuma a Pakistan ta wancan lokaci. Ya kamata mai jawabin buɗe taro ya san wannan tarihi.

3. Kasafin kuɗi

A rubuta kowane abin kashewa, a ƙara kashi 10 cikin 100 a kai saboda abin da ba a zata ba. Hanyoyin samun kuɗi su ne tallafin jami'a, asusun ƙungiyar ɗalibai, gudunmawar tsofaffin ɗalibai, da 'yan kasuwar da ke son a ambaci sunansu. Kowace fitar kuɗi ta kasance da sa hannun mutum biyu da rasit.

Abubuwa biyu nake gargaɗi a kansu. Na farko, kuɗin ɗan siyasa ko na duk wanda zai nemi a mayar da dandamali wurin yabonsa: a karɓi gudunmawa bisa sharaɗin da aka rubuta, ko a haƙura da ita. Na biyu, rabon tallafi. A ba kowace al'umma rumfa mai girma ɗaya da tallafi daidai, ko mutanenta ɗari biyar ne ko biyar ne, domin masu yawa suna iya tara wa kansu ƙari, 'yan ƙalilan kuwa ba su da inda za su samo. Idan wata al'umma ta yi ƙaranci har ba za ta iya riƙe rumfa ba, a nemi masu sa kai daga wasu ƙabilu su taya ta aiki a ƙarƙashin jagorancinta.

4. Tsara abin da za a nuna

Idan aka bar ɗalibai da kansu, kowa rawa da tufafi da abinci zai kawo. Waɗannan suna da kyau kuma su ne ke jawo jama'a, amma al'ada ta fi su faɗi nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 a kan kare al'adun gado waɗanda ba a taɓa su da hannu ta kasa su gida biyar, kuma wannan rabo ma'auni ne mai amfani ga kwamitin tsara shirye-shirye: adabin baka tare da harshe, kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, bukukuwa da al'adun zaman jama'a, ilimin da al'umma ta gada game da yanayi da tsirrai da taurari da dabbobi, sai sana'o'in hannu. Ku bukaci kowace al'umma ta kawo abu daga aƙalla gida uku cikin biyar ɗin. Nan da nan za ku ga an fara kiran iyaye da kakanni a waya ana tambayar tatsuniya, waƙar reno, kacici-kacici, yadda ake ƙidaya, sunayen watanni, da yadda ake gane shigowar damina. Ɗalibai da yawa a wannan lokacin ne suke gano cewa su kansu ba su san abin da suke shirin nunawa ba, kuma a ganina wannan komawa ga dattawa tana cikin manyan ribar da taron ke bayarwa.

Masu al'ada su ne za su bayyana ta. Kada wata ƙabila ta kwaikwayi wata a wasan kwaikwayo, kada a kwaikwayi karin harshen wasu don a ba da dariya. Ko da akwai wasan barkwanci da aka gada tsakanin al'ummu biyu, abin da ya halatta tsakanin aminai a ɗaki yakan zama cin fuska idan ya fita ta lasifika gaban dubban mutane, waɗanda da yawansu ba su san asalin wasan ba. Kwamiti ya karanta rubutun kowane wasa, ya saurari kowace waƙa tare da wanda ke jin harshen, saboda wasu waƙoƙin yabon jarumai suna ɗauke da ambaton yaƙe-yaƙen da aka yi da kakannin waɗanda ke zaune a sahun gaba.

Akwai kuma abubuwan da al'umma ke ɗauka masu tsarki ko na sirri, da tufafin da sai mai wani matsayi ke sanyawa. Kada ɗokin burge jama'a ya sa a fito da su. A tambayi dattawan al'ummar. Idan suka ce a'a, magana ta ƙare. Idan ana son ɗalibai su sanya tufafin juna, abin sha'awa ne, amma masu tufafin ne za su zaɓa, su sanya wa mutum da hannunsu, su gaya masa ma'anarsu.

5. Batun gasa

Za a matsa muku lamba a kan a sanya gasa, a ba ƙabilar da ta fi iya rawa kofi. Ku ƙi. Alƙalai ba su da ma'aunin da za su ce rawar wata al'umma ta fi ta wata, kuma duk hukuncin da suka yanke, asalin alƙalan za a duba. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Muzafer Sherif, da abokan aikinsa sun yi wani sanannen gwaji a sansanin hutu a jihar Oklahoma ta Amurka, inda suka raba yara maza 22 gida biyu suka sa su gasa; cikin 'yan kwanaki gaba ta shiga tsakaninsu, kuma zama tare kawai bai kashe ta ba, sai da aka haɗa su da matsalolin da ke bukatar hannun kowa, irin su gyaran hanyar ruwan sansanin. Idan yaran da ba su da wata tsohuwar jiƙaƙƙa suka zama haka, ina ga al'ummun da wataƙila akwai tarihi mai ɗaci a tsakaninsu?

Idan ana son armashin gasa, a kafa ƙungiyoyi gauraye, kowace da mutum biyar ko shida daga al'ummu daban-daban, a yi musu kacici-kacici a kan abin da aka baje a rumfuna, ko a ba kowace ƙungiya mako biyu ta koyi waƙa ɗaya a harshen da mutum ɗaya ne kaɗai ke ji a cikinta. Kyautar sai ta tafi ga ƙungiyar da babu ƙabilar da za ta ce tata ce.

6. Jadawali da masu gabatarwa

A ba kowace al'umma minti iri ɗaya a dandamali. Minti bakwai zuwa goma ya isa, a ƙara minti biyu na sauyi tsakanin masu sauka da masu hawa. A yi lissafi tun da wuri: al'ummu 20 a minti 12 awa huɗu ke nan, ban da jawabai. Idan lissafin ya wuce abin da jama'a za su jure, a raba taron kwana biyu, kada a rage wa ƙanana lokaci. Jerin hawa dandamali kuwa da ƙuri'a za a fitar da shi a gaban wakilan kowa. In ba haka ba manyan ƙungiyoyi za su kama tsakiyar taro lokacin da zaure ya cika, a bar ƙanana su yi wa kujeru wasa.

Jawabai su taƙaita: na buɗewa da na babban baƙo, kowanne kada ya wuce minti goma. A zaɓi masu gabatarwa biyu, mace da namiji, daga al'ummu mabambanta, su zauna da wakilan kowace al'umma su koyi furta sunanta da sunayen 'yan wasanta daidai. Kafin kowane wasa a yi bayanin jimla biyu ko uku cikin harshen da kowa ke ji: mene ne wannan, yaushe ake yin sa, me kalmomin ke cewa. Idan akwai kurame a cikin ɗalibai, a nemi mai fassara da maganar hannu, a kuma ba su nasu lokacin idan suna so, domin su ma suna da harshe da al'ada.

7. Wuri, rumfuna da abinci

A rarraba rumfuna da ƙuri'a kamar yadda aka yi wa jadawali, kada a jera su shiyya-shiyya. A bar hanya mai faɗin da keken guragu zai wuce, kuma kada a toshe ƙofar fita ko ɗaya da tebur. Dabarar da ke sa mutane zagayawa ita ce a raba wa kowane mahalarci ƙaramin kati a bakin ƙofa, wanda za a sa masa hannu a kowace rumfa bayan ya koyi gaisuwa ɗaya a harshen masu ita. Wanda ya cika katinsa sai ya shiga ƙuri'ar wata 'yar kyauta.

Abinci shi ne inda taro mai kyau ke iya ƙarewa a asibiti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, mai zafi ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, mai sanyi kuma ƙasa da digiri 5, kuma a raba ɗanye da dafaffe. Idan babu abin riƙe zafi ko sanyi, a dafa kaɗan-kaɗan a riƙa fitowa da shi bi da bi, ko a tsaya ga busassun abubuwan da ba sa saurin lalacewa. A gaban kowane kwano a rubuta sunansa da duk abin da aka sa a ciki, musamman irin naman da aka yi amfani da shi da abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa, saboda lafiya da kuma addini. A ɗanɗana wa mutane kaɗan-kaɗan domin ya kai ga kowa. Wurin girki ya yi nesa da rumfunan yadi da wayoyin wuta, na'urar kashe gobara kuma tana kusa.

8. Gwaji da tsaro

Kwana biyu ko uku kafin taro a yi cikakken gwaji a wurin da za a yi shi, da lasifika da agogo da ƙararrawa. A nan ne za a gano wasan da aka ce minti takwas ne ashe ashirin ne. A sanar da jami'an tsaron jami'a da asibitinta a rubuce, a nemi ma'aikacin lafiya ɗaya ya zauna a wurin. Wasannin da ke bukatar makami a yi su da na itace ko na kwali, wasan wuta kuma a bar shi gaba ɗaya idan a cikin zaure ne. A haramta tutoci da taken jam'iyyu. A naɗa mutum uku, ciki har da malami, waɗanda ke da ikon kashe makirufo nan take idan wani ya kauce zuwa zagi ko siyasa, kuma a gaya wa kowa wannan doka tun a gwaji.

9. Ranar taro

Kwamiti ya iso awa uku kafin lokaci, a gwada wuta da sauti, a fara a kan lokacin da aka sanar ko babban baƙo bai iso ba. Idan ya zo sai a ba shi damarsa tsakanin wasanni biyu. A roƙi kowace al'umma ta zauna har ƙarshe, hanya mafi sauƙi kuma ita ce a ajiye wasan haɗin gwiwa na ƙungiyoyin gauraye da rabon takardun yabo a ƙarshen jadawali. Masu ɗaukar hoto su nemi izini kafin su ɗauki fuskar mutum kusa-kusa, kuma wanda ya ce ba ya so a sa hotonsa a intanet a mutunta shi.

10. Bayan taro

A share wuri a ranar, da hannun kowa. Kayan da aka aro daga gidaje, musamman tsofaffin tufafi da kayan kiɗa da na ado waɗanda ba a samun irinsu a kasuwa, a mayar da su cikin kwana biyu bisa jerin da aka rubuta ranar karɓa, tare da takardar godiya. Cikin mako biyu ma'aji ya manna cikakken bayanin kuɗi inda kowane ɗalibi zai gani.

Sannan kwamiti ya yi zama na ƙarshe, a fara jin ta bakin ƙananan al'ummu kafin manya: shin an ba su lokacinsu, an furta sunansu daidai, akwai abin da ya ɓata musu rai? A rubuta amsoshin ba tare da kare kai ba. Hotuna da sautin da aka ɗauka, musamman tatsuniyoyi da waƙoƙi a harsunan da masu jin su ke raguwa, a rubuta wa kowanne sunan harshe da na mai bayarwa da kwanan wata, a miƙa kwafi ga ɗakin karatu na jami'a ko sashen nazarin harsuna da amincewar masu su. Littafin zama, kasafin kuɗi, kwafin takardar izini, jadawali da jerin ƙorafe-ƙorafe kuma a haɗa su a fayil ɗaya, a ajiye kwafi a sashen kula da harkokin ɗalibai, a damƙa ɗayan ga ɗalibai biyu ko uku na kwamitin waɗanda ba su kai shekarar ƙarshe ba, domin su ne za su kira zaman farko na baɗi.